Maganin Baban Saude

Kaltumi tana tsintar shinkafa a tsakar gida lokacin da maƙwabciyarta Ya Gumsu ta hango 'yar kwalbar a bakin taga. Ta ɗauka, ta zazzage ƙwaya ɗaya rawaya a tafin hannu, sai ta dafe ƙirji.

"La'ila! Wa ke shan wannan?"

"Baban Saude ne. Na fargaba ne, a asibiti suka rubuta masa."

"Irinta ce ta kayar da ƙanena a Dala. Yana tafe lafiya lau sai ya zube, ga shure-shure ga kumfa a baki. Farfaɗiya fa, Kaltumi!"

Ranar dai shinkafa da tsakuwarta aka dafa.

To, da a ce mijinta Harun tela ne ko mai tireda, da da sauƙi, in ya faɗi a ɗaga shi. Amma aikinsa loda shanu a tirela ne a kasuwar shanu. Wuni yake a tsakiyar bijimai masu ƙaho kamar rassan itace, yana murɗa wutsiya yana tura su kan gadar katako. Mutum ya zube a nan, ai kafin a ce "ku riƙe" an gama tattake shi.

Maganin kuwa ya shekara biyu a gidan. Tun rikicin Bulumkutu, da suka gudo Gomari da 'yarsu Saude a goye, barci ya ƙaurace musu. Ko murfin tukunya ya faɗi sai gaba ya yanke. Harun ya ce su je a duba su, Kaltumi ta ce ko yanka ta za a yi ba za ta taka ɓangaren masu taɓin hankali ba, ita rubutun malam ya ishe ta. Ya je shi kaɗai, ya dawo da kati mai sunansa da kwalba. Cikin mako guda gida ya lafa. Ta gode wa malam da zakara guda.

Yanzu ga Ya Gumsu ta zo ta tayar mata da tsohon miki.

Da la'asar Harun ya dawo, ya hura gawayi ya ɗora buta kamar kullum, don shi ba ya yarda kowa ya dafa masa shayi, wai mata ba su san ɗacinsa ba. Ya miƙo mata nata, ta karɓa tana leƙen idonsa.

"Baban Saude, don Allah ka bar ƙwayar nan. An ce tana kawo farfaɗiya."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

"Sha shayinki kada ya huce."

Ta roƙa da safe, ta roƙa da yamma. Ta yi kuka, ta haɗa shi da girman iyayensa. Mutumin nan ko gezau, kamar da katanga take magana. Ta rasa inda za ta sa kanta. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida, cewa take an zo faɗa mata ya faɗi ne.

A ƙasan akwatinta akwai ragowar maganin ƙarin jini na lokacin cikin Saude, ƙanana, rawaya, sak irin nasa. Wata Talata da ya fita, ta juye nasa a masai, ta cika kwalbar da nata, ta mayar bakin taga. Ta ce Allah ya yafe mata, ceton rai ne.

Daga nan ta zuba masa ido. Kwana uku, Harun garau, yana ci yana dariya. Ita kuwa tsoron kada ya gane ya hana ta sakat, har ludayi na ƙwace mata. Kwana biyar, gumi ke keto mata ko a inuwa, kukan Saude kamar ana buga mata ƙusa a ka. Harun ya dube ta ya sake dubawa, ya ce ko zazzaɓi ne? Ta ce ba komai. Wa za ta gaya wa? Wanda ya yi ɓarna a ɓoye, a ɓoye yake kuka.

Rana ta takwas tana tuƙa tuwo, ta ji wani ƙarfe-ƙarfe a bakinta, ta ga murhu na juya mata.

A gadon asibiti ta farka, harshe a tattaune, hannun dama naɗe da bandeji har gwiwa, inda wuta ta ci. Harun na tsugune a gefe, idanu jawur. A kansu wani nas ne, Malam Simon, riƙe da kwalbar nan yana jujjuya ta.

"Malam Harun, wannan ba maganin da ke kan katinka ba ne, na ƙarin jini ne. Wancan, in jiki ya saba da shi, ba a yanke shi rana ɗaya. Yankewar ce ke kayar da mutum. Wa ya musanya?"

Kaltumi ta yunƙura da ƙyar, hawaye na bin kunnenta.

"Ni ce. Tsoro na ji kada ya faɗi cikin shanu. Amma Malam, shi aka yanke wa, shi ke sha. Ni me ya kayar da ni?"

Malam Simon ya juya ya dubi Harun. Harun ya sunkuyar da kai, ya ce:

"Ban taɓa haɗiye ko ɗaya ba, Kaltumi. Ciwonki na je na faɗa wa likita da sunana, shekara biyu ke nan a shayinki nake narkar da ƙwayar."