Sunan Ɗan Fari

Tun da aka sabunta na'urar bincike, ba ta nemo wa kowa mutum sai jininsa. Shi ya sa Tasalla ta taho da ƙafarta har rumfar Malam Sabi'u, mai kula da na'urar a bakin tasha. Wata bakwai ke nan ɗanta na fari ya tafi haƙar zinariya, ko waya babu.

"Inna, ki faɗi sunansa a nan," in ji Sabi'u, yana tura mata abin magana. "Daga bakinki take so."

Tasalla ta ja mayafi. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa kama sunan nan ba. Wace uwa ce ke kiran sunan ɗan fari?

"Kai ka faɗa mana."

"Ba za ta karɓa ba, Inna."

Masu layi suka zuba mata ido. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Haladu," kamar ta haɗiyi garwashi.

Na'urar ta ce, "Na duba duk maganganunki da ke ajiye. Muryarki ba ta taɓa ambatar Haladu ba. Babu shaidar ke ce uwarsa."

Tasalla ta ɗago kai. Duk maganganunta? Har na cikin ɗaki?

"Sai dai a sujada kin ce 'yaron nan' sau dubu tara," na'urar ta ci gaba. "In shi ne, na same shi. In faɗa yanzu, ko a sallami mutane tukuna?"

Sabi'u ya miƙe a hankali, ya saki labulen rumfar.