Kaurin Waya Ya Yaudari Lawwali

Shekara tara Lawwali yana niƙa da tsohon injin gas a Jibiya, kusa da inda motocin Maraɗi ke tsayawa kafin su ƙetare iyaka. Da tsadar mai ta ishe shi, sai ya sayo injin da ke aiki da lantarki, ya kira Malam Ɗantala mai wayarin.

Malam Ɗantala ya duƙa ya karanta ƙaramin allon ƙarfe da ke jikin injin, ya auna nisa daga mita zuwa rumfa, sannan ya yi rubutu a takarda.

"Kebul na ɗaukar wuta za ka sayo, mai jijiya huɗu, kowace milimita goma, jan ƙarfe zalla. Ka duba jikinshi, a rubuce yake."

Ran Lahadi Lawwali ya shiga kasuwa. A rumfar Kalilu mai tsofaffin kayan wuta ya ga wani baƙin kebul a naɗe, kaurinsa kamar sandar rake, a rabin kuɗin wanda Malam Ɗantala ya rubuta masa.

"Daga wani kamfani ya fito," in ji Kalilu. "Ɗaga ka ji nauyi."

Lawwali ya ɗaga, ya ji nauyi. Takardar tana aljihunsa, bai ko fiddo ta ba.

Da Malam Ɗantala ya fere bakin kebul ɗin, sai ga sirara-siraran jijiyoyi goma sha biyu, sauran duk roba. Ya nuna masa rubutun jiki.

"Ka gani? Milimita ɗaya da rabi. Wanga na kai saƙo ne, a kunna inji ko a kashe shi daga nesa. Ba a yi shi don ya ɗauki wutar injin niƙa ba. Zai yi zafi ya narke, kuma bireka mai yanke wuta ba za ta faɗi ba, don ita daidai ƙarfin injin aka sa ta."

"Haba Malam, waya ai waya ce. Mi ya rage mashi? Dubi kauri!"

"Ni dai hannuna ba zai ɗaura shi ba, Lawwali."

Ran Lawwali ya ɓaci. A zuciyarsa ya ce Malam Ɗantala so yake a je shagon da yake samun la'ada. Washegari ya samo wani mai ɗaure-ɗauren waya, wanda bai tambayi komai ba. Ya zaɓi jijiya huɗu ya haɗa, ya bi da kebul ɗin ta jikin azarar rufi, a saman buhunan dusa.

Inji ya tashi lafiya. Mako uku ana niƙa.

Ummusalma mai fura, wadda ke kawo gero kullum, ta ce masa, "Malam Lawwali, ƙaurin roba nake ji a rumfar nan." Ya taɓa kebul ɗin, ya ji zafi, ya janye hannu. Amma mata sun yi layi da kwanoni. Ya ce zafin rana ne.

Ranar kasuwa, tun safe injin bai huta ba. Wajen azahar roba ta narke ta ɗiga kan buhunan dusa, wuta ta tashi. Mata suka watse da salati. Lawwali ya ruga cikin hayaƙi don ya kashe mita, hannunsa na dama ya sauka kan jijiyar da ta tsiraita. Wutar lantarki ta riƙe shi, sai da wani direba ya doke shi da katako ya faɗi gefe.

Rumfar ta ƙone ƙurmus, har da sabon injin. Wutar ta tsallaka sito na maƙwabcinsa Mamman, mutumin Maraɗi, ta cinye waken da ya tara na shekara.

A asibiti a Katsina aka yanke wa Lawwali yatsu uku. Da Mamman ya zo duba shi, bai ambaci wake ba, sannu kawai ya yi masa. Lawwali ya juya fuska bango yana hawaye.

Jama'a, ba a gane waya da ido ko da nauyi. Kafin ku saya, ku karanta girman jijiya da aikin da aka yi ta dominsa, kuma ku bi abin da ƙwararre ya rubuta muku. Wayar da ta gaza ƙarfin inji gobara ce kuka rataya a rufinku.