Abin da Ke Kashe Gawon Kwari

Gawo na goma sha ɗaya ya bushe a makon da ake jiran ma'aikacin gandun daji daga Tanut.

Duk ɗan Damargu ya san gawo da rani yake ado, da damina yake tuɓewa. To ga rani tsaka, ga itatuwa tsirara a bakin kwarin da ke bayan Rijiyar Ɗanmalam. Mata suka shiga salati. A kwarin nan suke tsintar aduwa da magarya, a nan awakinsu ke cin ’ya’yan gawo lokacin da ko tsinke babu a tudu.

Shekara biyu ke nan gari na neman a sa kwarin cikin takarda, ya zama dajin da doka ta hana taɓawa. Doka kuwa ba ta da kwana-kwana: ɗanyen itace ba a sara, busasshe kowa ya ɗauka. Idan ma'aikaci ya rubuta cewa daji mutuwa yake yi, babu takarda, fili ya zama na mai ƙarfin nomawa.

Mai ƙarfin kuwa an san shi. Alhaji Safiyanu, ɗan kasuwar hatsi, gonarsa ce ta yi iyaka da kwarin, kuma bana ya sayo tarakta.

Ranar Talata ma'aikacin ya iso kan babur, wani saurayi mai suna Haris, kakinsa ko ninki bai sake ba. Alhaji ya tarbe shi da fura mai sanyi da fuskar ta'aziyya.

"Tsutsa ce, ranka ya daɗe. Ta shiga saiwa. Ni kaina abin ya hana ni cin tuwo."

Haris ya ƙwanƙwasa kututture, ya ɓantari ɓawo, ya shinshina. Babu sara, babu alamar wuta. Ya buɗe littafi zai rubuta.

"Kai, angona, tsaya. Rubutu ba gudu yake ba."

Inna Kadi ce, tsohuwar da ta fi kowa naci a kan zancen takardar nan. Ita ta taka har Olalewa sau huɗu tana damun mutanen ofis, har suka fara ɓuya in sun hango zanenta. Ba ta taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, amma babu itacen kwarin da ba ta san shekarunsa ba.

Haris ya yi dariya ya rusuna. "Amarya, da wace kika zo?"

Ba ta ko kalli busassun ba. Ta wuce su ta ƙirga da sanda, ta tsaya gindin wani gawo shar, ta durƙusa ta fara tonon rairayi da ɓarin ƙwarya. Taƙi ɗaya, taƙi biyu. Sai ga shi: an zagaye gindin da wuƙa, an ɗaye ɓawon kamar awarwaro, an mayar da ƙasa an shafe. Yankan ko bushewa bai yi ba.

"Wallahi ni ban aiki kowa ba!" in ji Alhaji.

"Wa ya tambaye ka, ɗan nan?"

Jama'a suka kwashe da dariya, har da masu yi masa ƙodago, ban da guda biyu da suka sulale ta bayan magarya. Aka tona gindin busassun goma sha ɗaya, kowanne da awarwaronsa.

Inna Kadi ta shafa yankan da yatsa ta yi tsaki. "Dubi aikin banza. Wuƙa ta ci ciki da yawa, kuma an bi su a jere kamar shuka. Ko makaho ai ya lura."

Ta kwaɓa laka da kashin shanu ta liƙe wa mai sauran rai rauninsa, ta ce ƙila ya tashi, tunda ragon da ya yi yankan ya bar ɗan ɓawo ta gefen gabas.

Bayan kaka takarda ta fito da hatimi. Aka kafa duwatsun iyaka masu farin fenti, Alhaji ya sha kiran ofis har ya rame, tarakta ta koma jigilar buhuna. Mata suka yi dambu tukunya uku, aka ci a inuwar gawon da ya warke.

Haris ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce doka ta iya hannun mutum, amma ba ta iya fari ba. Ya nuna gabas, wajen Kwarin Tamat, inda yanzu babu komai sai rairayi mai tafiya. Ya ce a makarantar gandun daji har darasi aka yi musu a kansa: gawo ɗari uku, farin tamanin da huɗu ya kashe su tsaye, aka noma wurin shekara bakwai, sannan iska ta kwashe gonar.

Inna Kadi ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya kyauta, ta ƙara wa angonta dambu.

Ba ta ga amfanin ɓata wa yaro karatunsa ba. Gawo bai taɓa jin tsoron fari ba. Ita ce dai, tana bazawara da ’ya’ya shida ba gona, ta bi ɗari ukun nan da wuƙar yankan kuɓewa, ɗaya nan ɗaya can, rani uku cur, kuma shekara arba'in babu wanda ya yi tunanin tona gindi.