Ƙofar da Hafizu Ya Ɓalle

Hafizu, da gora a hannu, ya sa ƙafa ya ɓalle ƙofar Gyang mai hoto. Tun da aka kafa shari'a ake raɗe-raɗin giya Gyang yake ɓoyewa a ɗakin duhun nan mai kwalabe, inda yake wankin hoto.

Gorar farko ta tarwatsa injin wankin hoto, na hannu, wanda babu irinsa a duk Kaura. Ta biyu ta fasa goshin Gyang.

Gyang bai kare kansa ba. Wani fim ɗin hoto da bai gama wankewa ba ya rufe da rigarsa, amma hasken rana ya riga ya shigo ya lalata shi.

Jini na bin fuskarsa ya ce, "Ka ƙone shi, Hafizu. Hoton Innarka ne. Sau ɗaya ta taɓa yarda aka ɗauke ta."

Jiya aka yi sadakar ukunta.