Iyakar Sannu

A masaƙar da Sagiru ke aiki, doka ce kowane mako ma'aikaci ya kawo gyara guda, ko a sallame shi. Da ya rasa abin faɗa, sai ya ce gaisuwar safe ɓata lokaci ce. Aka yaba masa, aka ɗaura wa kowa agogon da ke kuka in gaisuwa ta wuce "sannu".

Yau Baba Tanko, wanda ya koya masa saƙa, ya dawo daga zaman makokin matarsa.

"Baba, sannu. Ya haƙu..."

Agogon ya tsala ƙara, kowa ya ɗago kai. Sagiru ya danne shi da tafin hannu, idonsa a ƙasa.

"Wuce, ɗana," in ji tsohon. "Na ji sannun."