Manhajar da Ba Ta Komawa Baya

Dillali ya share benci da gefen hannu, ya buɗe kwamfuta, ya ce manhaja biyu ya kawo, sai Likita ya zaɓa.

Likita ba na mutane ba ne. Ƙwaƙwalwar mota yake wa aiki, ɗan akwatin nan da masu ƙira ke ɓoyewa cikin mota, wanda ke faɗa wa inji yawan man da zai sha da iyakar gudun da zai yi. Yakan soka waya, ya goge maganar masu ƙira, ya rubuta tasa. To izinin tsohuwar manhajarsa ya ƙare, ga shi kuma aiki ya zo har ƙofa.

Aikin na zaune a kujerar roba kusa da tulin tsofaffin tayoyi. Wata dattijuwa ce da mayafi ruwan toka, ba zobe ba awarwaro. Ta ce motocin kaya shida gare ta, dukkansu tafiyar hawainiya suke. Ɗaya ta kawo gwaji. In ta ga da kyau, sauran biyar nasa ne. Tun bara ƙafa ta ɗauke daga garejin, don haka Likita har shayi ya zuba mata. Ba ta taɓa kofin ba.

Dillali ya fara bayani. Ta farko mai tarbiyya ce. Kafin ta taɓa komai sai ta ajiye kwafin rubutun masu ƙira, in an yi kuskure a mayar. Tana ƙara ƙarfi kaɗan, amma ba ta cire takunkumin gudu, ba ta kashe fitilar gargaɗi. Ta biyu kuwa ba ta da kunya. Tana tsige takunkumi, tana rufe bakin duk fitilar da ke ƙorafi, har ta birki. Kuma abin da ta goge ya gogu.

"Ni dai ta farko nake ba mutane shawara," in ji dillali.

Likita ya yi dariya. "Ka kai wa masu gyaran keken ɗinki."

Dattijuwar ta tambaya ko ta biyun irin wadda aka sa wa wata farar motar kaya ce bara, wadda aka ce ba a taɓa wuce ta a hanya ba. Likita ya bugi ƙirji. Ya ce yayarta ce ma aka sa wa waccan, kuma hannun nan nasa ne ya yi aikin. Ya tsallake zancen yadda farar motar ta ƙare a ƙasan gangare, da gawar direbanta a ciki. Wanda ya sha yabo ba ya tuna ramin da ya haƙa.

"Da kaya a bayanta, a gangaren dutse, birki zai riƙe?" ta ce.

"Hajiya, wannan tsakanin direba ne da Ubangijinsa. Direba ai taya ne. In ta fashe, a sa wata."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta tambaye shi ko yana da iyali. Ya ce ɗa ɗaya Allah ya ba shi, ya isa aure ma, sai shegen son tuƙi, ƙafarsa kamar dutse a kan totur. Ya ce ya rantse masa muddin yana numfashi yaron ba zai riƙe sitiyarin motar haya ba, shi ya sa watansu biyu ba sa ga maciji.

"Ka yi dabara," in ji ta.

Ya zaɓi ta biyu. Dillali ya naɗe wayoyinsa ya fita, ko sallama bai yi da kyau ba.

Likita ya shiga motar, ya soka waya a ƙarƙashin sitiyari. Kwamfuta ta nuna gargaɗi da jan rubutu, tana tambaya ko ya tabbata. Dattijuwar ta taso ta tsaya a bakin taga.

"In ka danna, ana iya mayar da ita yadda take?"

"Ko masu ƙirar sun zo, sai dai su sayi sabuwar ƙwaƙwalwa."

"Ka tabbata kana so ka danna?"

Ya ɗauka tsoron tsufa ne. Ya danna. Wani koren layi ya ja jiki har ya cika. Ya tayar da inji, ya taka, garejin ya ɗauki ruri, kwanon rufi na karkarwa. Fitilar birki, wadda ke ja tun da aka kawo motar, ta mutu murus. Ya nuna mata wurin da yatsa yana murmushi, kamar ya warkar da ciwo. Da la'asar ya kai mata motar har ƙofar gida da kansa.

Washegari da hantsi ya share fili, ya ture wata matacciyar mota gefe don sauran biyar su samu wurin tsayawa. Sai ga ta a ƙafa, ita kaɗai.

"Hajiya, ina motocin?"

"Babu wasu motoci. Guda ɗaya na saya, don kai na saye ta."

Ya tsaya da tsintsiya a hannu. Ta ce an yi wa motar lodin siminti har baki, ta kama hanyar dutse tun da sassafe, yanzu ta kusa gangare. Ta buɗe jaka ta fito da wata waya, ta ajiye a kan benci. Ta ce dokarta ce direba ba ya tafiya da waya, ya adana wa mai ita.

"Direban farar motar bara, ni na haife shi," ta ce, tana gyara mayafi. "Wanda ke tuƙa ta yau, kai ka haife shi."