Sitikar Kwamfutar Rasha

Usta Fatahi, ƙwararren mai gyaran kwamfuta, ya sa farce ya ɓamɓare sitikar da ke jikin kwamfutar, ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar wanda ya tsinci ƙuda a shayinsa.

"Hajiya, wannan ce ta ce miki injin na bana ne. Ƙarya take yi."

Matar, wadda ta shigo shagonsa a Alƙahira don a ɗora mata sabon Windos, ta gyara zama.

Ya juya mata allon, ya nuna lambar farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. "Wannan lambar ba ta ƙarya. Shekararta goma sha ɗaya. Sabon Windos ko kallonta ba zai yi ba." Ya ja tsaki. "Gawa aka yi wa kwalliya. Shekara talatin ina sana'ar nan, ba abin da ke tayar min da zuciya irin wannan."

"Kyauta aka ba 'yata Rasha," in ji ta. "Wai sabuwa dal."

"Wanda ya ba ta ya san abin da ya yi. Yadda aka daidaita sitikar nan, hannun ɗan sana'a ne. Irinsa ko ƙofar gidana ba zai taka ba."

Ta rufe kwamfutar a hankali, ta sa a jaka.

"Na gode, Usta. Ɗanka Hazim ne ya ba ta. Zuwan da za ku yi ranar Alhamis neman aurenta, ku sha zamanku."